George Da Costa da Matsayin Hoto a Nazarin Tarihin Daura

Masu nazarin tarihin Daura sun fi dogara ga abubuwa biyu, watau Girgam da ruwayoyin baka na fada. A kansu ne M. G. Smith ya kafa yawancin littafinsa, The Affairs of Daura, wanda aka buga a 1978. Amma akwai madogara ta uku wadda ba a cika kula da ita ba, ita ce hoto. Rayuwar George Da Costa kuwa tana nuna irin amfanin da ke cikinta.

An haifi Da Costa a Ikko a 1853, cikin zuriyar bayin da suka komo daga Barazil. Ya riƙe kantin littattafan mishan na C.M.S. tun daga 1877 har 1895, sa'an nan ya ajiye aikin, ya buɗe shagon ɗaukar hoto yana da shekara 42. Gwamnatin mulkin mallaka ta sa shi ɗaukar hotunan aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Kano a 1911. Har ila yau hotunansa sun fito a cikin The Red Book of West Africa na 1920. Ya rasu a 1929.

Muhimmin abu a nan shi ne, ɗan ƙasa ne ya riƙe na'urar, a zamanin da Turawa suka fi kowa tsara yadda duniya za ta ga Afirka. Wani abin kuma, hotunansa sun yi amfani ne domin an san wanda ya ɗauka, da wurin, da lokacin.

To, a wannan zamani ne Daura ta ga babban sauyi. A 1906 Turawa suka mayar da sarauta gidan Haɓe, suka naɗa Malam Musa. Sarki Abdurrahman ya gaje shi a 1911, ya yi mulki har 1966. Duk hoton da ya saura daga waɗannan shekaru, na hawan Salla ne ko na Kusugu ko na ganuwa, shaida ce a kan sutura da gini da jerin hakimai, abubuwan da ruwaya takan tsallake.

Sai dai hoto ba ya faɗin sunan kowa. In dattijon da ya san fuskokin ya kau, shaidar ta bi shi. Saboda haka ya wajaba ɗalibai su bi gidajen sarauta, su kwafi abin da ke cikin adaka, su rubuta suna da shekara tun masu sani suna raye.