Marigayi Stephen Keshi (1962-2016)

Stephen Okechukwu Keshi ɗan wasan baya ne da ya taka leda a gida da kuma ƙungiyar Anderlecht ta Beljiyam. Shi ne kyaftin ɗin Super Eagles lokacin da muka ɗauki Kofin Afirka a Tunisiya a 1994.

Da ya koma koci, ya sama wa Togo gurbin shiga Kofin Duniya na 2006, karo na farko a tarihinta. A 2013 ya sake kawo mana Kofin Afirka, bayan ya bai wa 'yan wasan cikin gida dama. Ɗayansu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta kayar da Burkina Faso a wasan ƙarshe.

Keshi ya rasu a Benin, Jihar Edo, a watan Yunin 2016.