Diyyar Leburorin In Ekker

Duk ranar 1 ga Mayu, sa'ad da ma'aikatan duniya ke bikinsu, wani al'amari dabam ne mutanen Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya ke tunawa, domin a wannan rana ce ta 1962 bam ɗin nukiliyar da Faransa ta tayar a cikin dutsen Tan Afella, a In Ekker, kimanin kilomita 150 arewa da garin, ya ɓalle toshiyar raminsa, ƙura mai guba ta turnuƙe ta sauko kan soja da lebura, har da ministoci biyu da suka zo kallo.

Maganar diyya tsohuwa ce a Sahara. Fiƙihun Malikiyya, wanda almajiran Kano da Agadas suka sha a Risala, ya ƙayyade diyyar rai da ta gaɓoɓi, amma wanda rijiya ko ramin ma'adini ya rufta da shi ba da hannun kowa ba, ba a bin kowa jininsa. Dokar Faransa ta 1898 ce ta ɗora wa maigida biyan raunin ma'aikacinsa ko da ba shi da laifi. Aljeriya kuma ta kafa tata a 1983, wadda ta wajabta wa mai rauni ya sanar da maigida cikin awa 24, shi kuma ya sanar da asusun ma'aikata cikin awa 48.

Leburorin In Ekker kuwa, waɗanda aka ɗebo daga garuruwan Sahara suka haƙa ramukan gwaji 13 tsakanin 1961 da 1966, sai a 2010 Faransa ta buɗe musu ƙofa da dokar Morin, bisa sharaɗin mai da'awa ya kawo hujjar cewa yana wurin a lokacin, kuma cutarsa tana cikin jerin cututtukan dajin da aka amince da su. Bayan shekara goma, ɗan Aljeriya ɗaya tak ya samu.

Wasu sun ce rowar Faransa ce, wasu sun ce jahilcin leburorin. Rowa kam akwai ta, amma a nazarina babbar illa ita ce takarda: mutumin da bai taɓa riƙe alƙalami ba, wanda cuta ta bayyana masa bayan shekara talatin a nahiyar da likita ya yi ƙaranci, ina zai samo shaidar aiki da ta asibiti, ya kuma cika takardun hukumar diyya da ke zaune a Faransa? Ita ma dokar Aljeriya ta awa 24 an yi ta ne domin karaya da ƙuna, ba domin gubar da ke kwanciya a ɓargo ba.

Illar nan ba ta gushe ba. Yaron Damagaram ko Maraɗi da ke ɗaukar bulo a gine-ginen Tamanrasset, ba kwantiragi ba rajista, idan ya faɗo daga bene, 'yan garinsu ne ke karo-karo su biya magani, su haɗa masa kuɗin motar komawa gida.