Daga Tashen Gwauro zuwa Wasan Maska

Tun kaka da kakanni, a Kankiya da Kusada kamar sauran ƙasar Katsina, da zarar azumi ya kwana goma sai a fito tashe. Cikin wasannin nan har da na gwauro, inda akan tasa namijin da ba shi da mata a gaba, a kewaya gari da shi ana dariya. Ba mai tambayarsa abin da ke cin ransa.

To, a shekarar 1979 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suka je Maska da wata dabara dabam: sai sun zauna da talakawa sun ji kukansu, sa'an nan su ƙulla wasa a kansa. Wannan sauraro shi ne tashe ya rasa, shi ne kuwa magidancin da bashi ko kunya suka kai ga tunanin kashe kansa yake bukata. Bakinsa a ɗaure yake: al'ada ta ce namiji ba ya kuka, dokar Final Kot ta 1960 kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin. Alhali ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta nuna mazan da ke mutuwa ta wannan hanya sun ninka mata fiye da sau biyu.