Yadda aka hana tayar baya shan ƙarfin mai feda

Keken tsauni ba da shoka aka haife shi ba. Samarin gundumar Marin ta jihar Kalifoniya da suka riƙa gangarowa daga tsaunuka a shekarun 1970, tsofaffin kekunan Schwinn masu kaurin taya suke hawa, gwiwoyinsu da damatsansu ne ke shanye gargada. Ko Stumpjumper da kamfanin Specialized ya fitar a 1981, firam ne sandararre daga gaba har baya.

Gaba aka fara yi wa gata. A 1989 Paul Turner ya kafa RockShox, kuma a gasar duniya ta farko da aka yi a Durango a 1990, Ned Overend da Greg Herbold dukansu da shokarsa suka ci. Abin ya zo da sauƙi, don tayar gaba ba ruwanta da sarƙa.

Baya ce mai rigima. Ƙafar mutum ba inji ba ce, ƙarfinta zuwa yake yana ɗaukewa sau biyu a kowane zagayen feda. Duk takawa ɗaya nauyin mahayi na komawa baya, sifirin ya lotsa, ya dawo, ya sake lotsawa. Ka tsaya gefen hanya ka kalli keken farkon shekarun 1990 yana hawan tudu: sirdi na sama da ƙasa kamar ana daka a turmi, mahayi na haki, wani kaso na ƙarfinsa na ƙarewa a matsa sifirin. Ga kuma sarƙa tana jan tayar ta inda ta ga dama. A keke mai mahaɗa ɗaya da faranti uku a gaba, in kana ƙaramin faranti sarƙa ta miƙar da shoka, in ka koma babba ta danne ta.

Dabarar da ta yi tashe wajen 1995, wadda Trek ta sa a kekunanta masu siffar Y, ita ce a ɗauke feda da sarƙa gaba ɗaya a ɗora su kan ɓangaren baya mai motsi. Jan sarƙa ya daina taɓa shoka, haka ne. Amma da zarar mahayi ya miƙe tsaye, to a kan ɓangaren mai motsi yake tsaye, shoka ta sandare daidai lokacin da ake gangara ana nemanta. Ba a daɗe ba aka watsar da ita, kuma ban ga abin kewa a ciki ba.

Horst Leitner, ɗan Ostiriya da ya fito daga harkar babur, wata hanya ya bi. Ya sa ƙaramar mahaɗa a gaban tsakiyar tayar baya kaɗan, don kada birki ya kulle shoka. Specialized ta sayi haƙƙin mallakar wannan ƙira a 1998, shekaru da dama masu son amfani da ita a Amurka sai sun biya.

Canjin gaske ya zo ne da maƙera suka daina ɗaukar sarƙa a matsayin abokiyar gaba. Tunda nauyin mahayi na danne baya, sarƙa kuma na iya ɗaga shi, me zai hana a haɗa su su kashe juna? Santa Cruz ta karɓi ƙirar VPP daga Outland, mai gajerun hannuwa biyu da ke juyawa saɓanin juna, ta fitar da V10 da Blur. Wani maƙerin kuma, Dave Weagle, ya zauna ya yi lissafin abin dalla-dalla: jan sarƙa ya yi ƙarfi a farkon lotsawa inda ake feda, ya ragu can ciki inda ake cin karo da duwatsu. A kan Iron Horse Sunday mai ƙirarsa Sam Hill ya ci gasar duniya ta gangara a 2006 da 2007.

Sai dai ba a samu a banza ba. In taya ta daki dutse ta yi sama, tazarar da ke tsakaninta da faranti na ƙaruwa, sarƙa ta fizgi feda baya, mahayi ya ji a tafin ƙafarsa. Gwargwadon yadda keke ya tsaya ƙyam a hawa, gwargwadon fizgar ke nan.

Wasu sun nemi magani a cikin shokar kanta, kamar Brain ta Specialized, wadda wani ɗan ƙarfe mai nauyi ke buɗe wa man da ke cikinta hanya in bugun daga ƙasa ya fito. Da SRAM ta kawo faranti ɗaya a gaba a 2012, lissafi ya ragu sosai, layin sarƙa ya daina tsalle tsakanin faranti uku. Masu gangara kuma suka farfaɗo da tsohuwar dabarar mahaɗa can sama, da ɗan gargare da sarƙa ke bi ta kansa don rage fizga, ko da yake yana ƙara gogayya kaɗan. Nino Schurter ya ci zinaren Olamfik a Rio a 2016 kan Scott Spark mai shoka gaba da baya, amma har a kan kekensa akwai ɗan maɓalli kusa da babban yatsa na kulle shoka in hanya ta yi sumul.