Tarihin Haruffa Masu Lanƙwasa a Rumbun Bayanai

Sa'ad da masanan Amurka suka tsara ƙa'idar ASCII a shekarar 1963, suka ƙayyade wa na'ura gurabe 128 kacal gwargwadon bukatar Ingilishi, haƙiƙa ba su yi la'akari da haruffan Hausa irin su ɓ, ɗ da ƙ ba. Saboda haka a wancan lokaci wanda ya ajiye kalmar "ƙasa" cikin rumbun bayanai, sau da yawa takan komo masa da alamar tambaya a gurbin harafin farko, abin takaici matuƙa. Al'amarin bai daidaita ba sai bayan bayyanar ƙa'idar Unicode a 1991, da UTF-8 wadda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙago a 1992, har kowane harafinmu ya sami lambarsa.