Burnley: Gidajen da Masaƙu Suka Bari

Burnley gari ne a lardin Lancashire da ke arewa maso yammacin Ingila, wanda saƙar auduga ta bunƙasa shi a ƙarni na 19. Masaƙun sun rufe, amma gidajen ma'aikatansu suna nan, ƙanana, jere da juna bango ɗaya. Suna cikin mafi araha a Ingila, sai dai arahar tana da dalili: da yawansu sun tsufa, ga danshi, ga wuyar ɗumamawa da hunturu. Shirin gwamnati na sabunta irin waɗannan unguwanni, da aka fara a 2002, ya tsaya a 2011.

A 2007 aka mayar da sashen agajin gaggawa na asibitin garin zuwa Blackburn. Jirgin ƙasa kai tsaye zuwa Manchester ya dawo a 2015.