Wanda ke cikin rami ba a ganinsa

Jama'a, tun da aka fara yayin ƙirƙirarriyar basira, ChatGPT da 'yan uwanta, nake jin mutane na cewa inji ne ke yin komai da kansa. Ni kuwa in na ji haka, Birnin Gwari ke faɗo mini a rai.

Tun zamanin Turawa ake haƙar zinare a yankin Tsohon Birnin Gwari, harkar ta bunƙasa a shekarun 1930. Sunan Bature ne a kan lasisi, talaka ne a cikin rami. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzar da take samu can, sai ta juyo Jos. Aka dinga ɗibar mutane daga lardunan Arewa, har da lardin Zariya, ana kai su haƙar kuza bisa dole har 1944. Sanyin Filato da cuta suka kashe da yawa. Tan nawa aka fitar, wannan an rubuta shi tsaf.

Yau ma haƙar na nan a dajin Birnin Gwari, sai dai mai karɓar kaso ne ya sauya. Shekara da shekaru masu bindiga ke tatsar mahaƙa, yara na niƙa dutse. A Zamfara irin wannan niƙa ce ta jawo gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a 2010. Zinare da kuza kuwa suna cikin wayar da ke hannunka, da manyan kwamfutocin da basirar ke gudana a kansu.

Akwai kuma ramin da ba na ƙasa ba. A Janairun 2023 mujallar Time ta bankaɗo yadda OpenAI, ta hannun kamfanin Sama, ya sa ma'aikata a Nairobi karanta bayanan fyaɗe da kisa da cin zarafin yara suna yi musu alama, don ChatGPT ya koyi guje musu. Ladansu bai kai dala 2 a awa ba. Wasunsu sun ce abin ya taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Yanzu matasanmu na Kaduna da Kano ake tura wa tallan irin wannan aiki ta WhatsApp: naɗi muryarka da Hausa, gyara fassara. Ban ce kar a yi ba, wallahi zaman banza ya fi muni. Amma kafin ƙanenka ya karɓa, ya tambayi nawa ne a awa, wa ke biya, kuma muryar tasa hannun wa za ta koma.